Ciwo Biyu a Hannu Ɗaya

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Da hagu nake danna wayar nan, harafi ɗaya bayan ɗaya, don haka wanda ya ci karo da kuskure ya yi mini uzuri. Ranar Litinin da asuba na faɗi a bakin famfo. Na fito alwala ina sauri saboda sanyin hunturu, silifas ya zame a kan gansakukar da na fi sati biyu ina cewa yara su kankare, na kai hannun dama in tare ƙasa. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen karan dawa. Da Malam ya haska fitilar waya, wuyan hannun ya riga ya karkace, ya yi tudu ta baya kamar gadon cokali mai yatsu.

Kafin gari ya gama wayewa tsakar gida ta cika, kuma ra'ayi ya rabu biyu. Inna ta ce a kira mai ɗorin bayan masallaci, wanda ya ɗora ƙafar marigayi Baba har ya koma gona. Ban raina mutumin ba, na ga aikinsa da idona. Amma na san jikina. Fatata ta zama kamar ɓawon albasa, in na gogi bakin tebur sai wurin ya yi baƙi ya kwana bakwai. In aka jera mini kara aka tamke da tsumma, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar ranar kwancewa. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, asibiti za a kai ni." Ta ce, "'Yar nan, ke komai asibiti." Malam bai ce uffan ba, ya fita neman ɗan adaidaita.

Ga wanda bai san ni ba, tela ce ni, shekarata 49, kuma tun 2014 nake fama da lufus. Cuta ce da garkuwar jiki ke rikicewa, ta bar baƙo ta juyo kan mai gida: gaɓoɓi, fata, jini, ƙoda. Mata ta fi kamawa, kusan tara cikin goma. Kafin a gano ta na sha maganin taifot da na maleriya ba adadi, an yi mini hayaƙi, an ce sanyi, an ce sammu. A 2016 ta taɓa mini ƙoda, na kumbura har takalmi ba ya shiga. Firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki, shi ne ya tsamo ni, shi da ƙarin ruwan da aka riƙa yi mini sau ɗaya a wata har wata shida. Tun 2014 ban taɓa kwana ban sha firednisolon ba.

A asibitin ƙashi an ɗauki hoto. Cikin ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, na ɓangaren babban yatsa ne ya karye, daf da gaɓa. Aka yi allurar kashe zafi a wurin, mutum biyu suka ja, likita ya danna ya mayar. Na yi salati da ƙarfin da har na waje suka amsa. Rabin siminti suka sa, suka naɗe da bandeji, wai a bar wa kumburi wurin shaƙatawa.

Yana cike kati ya tambaye ni magungunan da nake sha. Na lissafa. Ya ce, "Hajiya, firednisolon ɗin nan shekara nawa?" Na ce muna cikin ta sha ɗaya. Ya ajiye biro. Ya ce faɗuwa daga tsaye bai kamata ta karya lafiyayyen ƙashi haka ba, kuma in shirya, ɗorina zai iya ɗaukar lokaci fiye da na sauran mutane.

Abin da na lissafa a cikin adaidaita muna dawowa: sati shida daga 6 ga Janairu ya kama 17 ga Fabrairu. Azumi farkon Maris. Ke nan ɗinkin salla bai kuɓuce ba tukuna.

Talata, 14 ga Janairu

Jiya an sake hoto, ƙashin bai goce ba, aka cire rabin aka zuba cikakken siminti daga ƙasan gwiwar hannu zuwa gindin yatsu. Umarnin da aka ba ni: hannu ya zauna sama da ƙirji, in riƙa motsa yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa, kada ruwa ya taɓa shi, kada in cusa komai ciki ko da ƙaiƙayi zai kashe ni. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, in dawo ko da tsakar dare ne. Ma'aikaciyar jinya ta ƙara mini nawa na daban: mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki, ciwo zai iya ruɓewa a ƙarƙashin siminti ba tare da zazzaɓi ya tona shi ba. Don haka hanci ne ɗan sandana. Kullum da safe sai na sunsuna bakin simintin kamar mai sayen daddawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan na sani tun ina yarinya. Abin da ban sani ba shi ne ba ya ɗaura zane, ba ya matse tsumma, ba ya ɓalla ƙwayar magani biyu. Ƙwaya ɗaya da rabi nake sha, miligiram 7.5, Auta ce yanzu mai raba mini rabin kafin ta tafi makaranta. Cin abinci da hagu ya fi komai yi mini nauyi a zuciya. Na koma cokali. Duk wanda zan miƙa wa abu sai na ce a yi haƙuri da hagu.

Alwala kuwa Malam ya warware mini: in wanke abin da ke wankuwa, in shafa jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya a kan simintin.

Litinin, 20 ga Janairu

Sati biyu. Yau nake son rubuta abin da ya fi daure mini kai, wato ciwo biyu a hannu ɗaya.

Zafin karaya yana da mazauni. Zan iya nuna shi da yatsa, yana bugawa kamar ganga in na sauke hannun ƙasa, yana lafawa in na ɗora shi a kan matashi. Na lufus ba shi da gida. Da asuba yake zuwa, ya sandarar da yatsun hannu biyu a tare, ya ƙi saki sai hantsi. Shekara goma ina karanta jikina da wannan ma'auni. Yanzu yatsun dama sun kumbura sun sandare, na rasa wa zan tuhuma: ƙashin ne, simintin ne, ko tsohuwar abokiyar zaman ce ta farka? Dabarar da na samo ita ce in tambayi hagu. In hagu lafiya lau take da safe, to rigimar ta karaya ce. In ita ma ta ƙi dunƙulewa, akwai magana. Kwana uku ke nan hagu tana ɗan gardama, amma kada a manta ita kaɗai ke aikin gidan nan, kuma sanyi bai tafi ba.

Maƙwabciyata ta shigo dubiya da sachet ɗin dikulofenak, ta ce da shi mijinta ya ga bayan ciwon baya, har yaron kyamis ya ce in na so zai zo gida ya yi mini allurarsa. Na yi godiya na ajiye a kan firji. Ita da ibufurofen da danginsu an haramta mini su tun 2016, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ni kuwa tawa ƙodar mai tabo ce. Farasitamol kawai, biyu-biyu, kada ya wuce takwas a yini. Ba ya kashe zafin, yana dai rage masa murya.

Masu dubiya kowa da takardar maganinsa. Romon ƙafar sa, man kaɗanya, garin da ake damawa da nono daga wani gari. Romon na karɓa hannu bibbiyu, wato hannu ɗaya.

Talata, 28 ga Janairu

Na yi wauta, kuma zan rubuta ta yadda take.

Maganar likitan ƙashi ta zauna mini a rai. Kullum na kalli 'yar farar ƙwayar nan sai in ji haushi: ke ce kika cinye mini ƙashi. Ita ce ta kumbura mini fuska har wata a gidan biki ta taɓa tambayata a ɓoye ko sha-ka-fashe nake sha. Ranar Alhamis da ta wuce na karɓa daga hannun Auta na zuba a aljihun jaka. Juma'a ma haka. Na ce bari in ba ƙashin sarari ya haɗe, in ya so daga baya in koma.

Asabar da safe na kasa tashi. Jiri, amai, ƙafafu kamar an zare musu laka, kowace gaɓa tana ciwo. Da aka auna ƙarfin jinina a asibiti ya faɗi ƙasa warwas. Sai da aka yi mini allurar haidirokotizon aka ɗaura ruwa kafin na dawo hayyacina. Malam bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Cewa kawai ya yi, "Maman yara, da kin gaya mini."

Yau na je asibitin masu lufus na zauna gaban likitata kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Ta zana mini ƙoda a bayan kati, ta ɗora mata 'yar hula a ka. Ta ce waɗannan hulunan biyu su ke samar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukari, musamman lokacin da jiki ke cikin wahala. Wanda ya daɗe yana shan firednisolon, hulunan sun ga ana kawo kaya daga waje sun kwanta barci. In aka yanke rana ɗaya, babu na waje babu na gida, kuma mutum zai iya mutuwa a haka. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan, a ba su lokaci su farka. An gaya mini wannan a 2014. Na sani. Haushi ne ya rufe mini ido.

Sai na yi mata tambayar da ke cina: to gaskiya ne shi ya karya ni? Ba ta kare shi ba. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, gini ne da ba a gama shi har abada, kullum akwai masu rushe tsoho da masu ɗora sabo. Firednisolon yana kashe wa magina gwiwa, yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa, yana ƙara wanda ke fita ta fitsari. Amma ba shi kaɗai ba ne. Kumburin cutar kansa yana zuga masu rushewa. Ƙarin ruwan 2016 ya ɗauke mini al'ada tun ina da shekara 41, kuma daga ranar da al'ada ta ɗauke ƙashin mace ke fara zubewa da sauri. Ga rana. Fata tana haɗa bitamin D ne da hasken rana, ni kuwa rana ce ke tayar mini da cuta, shekara goma ina yawo da lema da dogon hannu a garin da rana ba ta hutu.

Ta ce, "Anti, da ba ki sha shi ba, da yanzu maganar wankin ƙoda muke yi, ba ta wuyan hannu ba." Ban ce komai ba. Gaba kura, baya sayaki.

An ɗebi jini da fitsari. An rubuta mini hoton auna ƙarfin ƙashi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sakamako ya fito, rabi daɗi rabi ɗaci. Fitsari babu furotin, ƙoda tana aiki, gwajin da ke nuna ko cutar ta motsa bai nuna tashin hankali ba. Gardamar hagu gajiya ce da sanyi. Alhamdu lillahi.

Hoton ƙashin, wanda suke kira deksa, ba ya ciwo. Kwanciya kawai na yi, na'ura ta wuce ta kan ƙugu da gadon baya, ko minti ashirin ba a yi ba. Kuɗinsa ne mai ciwo, Yaya ya biya. Lambar da ake dubawa in ta kai 2.5 ƙasa da sifili, an shiga zaizayewar ƙashi. Tawa 2.9 a gadon baya. Bitamin D kuma a ƙasa yake. Da aka tsayar da ni jikin ma'auni sai ga shi na ragu da santimita biyu a kan tsawon da ke katina na farko. Ni da nake auna mutane kullum da tef a wuya, ban taɓa auna kaina ba. Na dai lura zannuwana sun fara jan ƙasa, na ɗora wa mai yanka, alhali ni ce mai yankan.

Abin da ke ba ni takaici, kuma ba zan ɓoye ba: a shekara goma sha ɗaya an duba mini ido kusan kowace shekara saboda wani maganin lufus da nake sha, haidiroksikulorokwin, an auna fitsari sau ba adadi, amma maganar ƙashi ba ta wuce "ki riƙa shan kalsiyam" ba, ni ma in na ga kuɗin magani ya yi yawa shi nake fara tsallakewa. Ƙashi ba ya kuka. Sai da ya karye muka ji muryarsa.

Tsarin yanzu: a fara cike bitamin D, kalsiyam kullum, in je likitan haƙori ya duba baki, sannan a fara maganin da ke taka wa masu rushewa burki. A abinci ana son kalsiyam ya kai miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, kofin madara ɗaya kuwa kusan 300 ne. Na sa mai nono ta riƙa biyowa da kindirmo. Kwaɗon zogale, miyar kuka, kantun riɗi, ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya. Inna ta ji jerin ta ce, "Yo wannan ai abincinmu ne na ƙauye da kuka raina."

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sati shida cif. Na tafi da man zaitun a jaka don shafa wa hannu in an cire siminti. Na dawo da simintina.

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini layin karayar, har yanzu ana ganinsa baƙi siriri. A gefensa akwai wani farin hazo, shi ne sabon ƙashin. Ya ce da farko jini ne ke taruwa ya daskare a wurin, daga nan ya zama guringuntsi mai laushi, sannan ya ƙanƙare ya zama ƙashi, gyaran fuska kuma ya ci gaba wata da watanni. Nawa yana kan hanya, tafiyar hawainiya yake. Ƙarin sati biyu.

Na ce, "Likita, ɗinkin salla fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wace sallar? Akwai babba a gaba."

A layi na zauna kusa da wani yaro ɗan ƙwallo da muka karye sati ɗaya, aka sa mana siminti rana ɗaya. An cire nasa, yana ta juya hannu yana dariya. Na yi masa barka, kuma har zuciyata na yi. Kuka sai da na shiga ɗaki.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na kira 'yan koyona biyu muka zazzage durowar shago. Atamfa da leshi da shadda na mutane, ɗinki talatin da huɗu, wasu tun Disamba aka kawo don a riga cunkoso. Taka keke ba matsala ba ce, yaran sun iya, layinsu ya miƙe. Yanka ne matsalar. Almakashi ba ya jin hagu, kuma leshin da mace ta tara kuɗi ta sayo a Kantin Kwari ba wurin koyon hannu ba ne.

Mun ware goma sha biyu masu sauƙi, dogayen riguna da na yara. Ni zan auna in zana da alli da hagu, babbar ta yanka ina tsaye a kanta. Sauran ashirin da biyu na bi masu su ɗaya bayan ɗaya a waya. Yawanci addu'a suka yi mini. Wata ta ce, "To Anti, ba dai hannu ɗaya ba ne?" Na mayar mata da kayanta da kuɗin kafin alƙalami, har da zaren da na riga na saya.

Litinin, 3 ga Maris (3 ga Ramadan)

An cire. Zarton yana ƙara kamar injin markaɗe amma ba ya yanka fata, karkarwa kawai yake. Abin da ya fito daga ciki ban gane shi ba: siriri, fari fat, fata tana saɓa kamar ta maciji, ga wari. Wuyan hannun ya tsaya ƙyam kamar muciya. Na yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, ya ce bai san zancen ba.

An ba ni abin ɗaurewa mai maɗauri, in sa in zan fita ko zan kwanta. Kada in ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi. An tura ni gashin ƙashi.

Ba na azumi tun shekarar ƙoda, ciyarwa nake yi, kuma har yau in an kira magariba sai na ji wani iri. Amma yau na wanke hannun dama da ruwa har gwiwa, karo na farko cikin kwana 56. Na daɗe a bakin famfon. An kankare shi, Malam ya sa an yi masa daɓe mai kaushi.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai gashin ƙashi yarinya ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, Mama take ce mini, amma ba ta da tausayi ko na anini. Tana da wani ma'auni kamar na 'yan lissafi. Ranar farko wuyan hannun ya ɗaga sama digiri 25, lafiyayye yana kaiwa wajen 70. Yau 35.

Aikin gida sau uku a yini: in jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in ɗora shi a bakin tebur in sauke in ɗaga, in haɗa babban yatsa da kowane yatsa, in matsa soso. Wanda ya fi wuya shi ne juya tafin hannu ya kalli sama. Ban san ina bukatar wannan juyin ba sai da na ɗaga hannu zan yi addu'a, hagu ta buɗe, dama ta tsaya a karkace tana kallon 'yar'uwarta.

Ita ma ta san da zaman ciwo biyun. Ta ce zafin miƙewa da ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu nata ne, in ci gaba. Gaɓar da ta yi ja, ta yi zafi, ta kwana a kumbure, ko aka wayi gari hannu biyu sun sandare, wannan ba nata ba ne, in tsaya in nemi likitata.

Na fara alendironet, maganin nan mai taka wa masu rushe ƙashi burki, ranar Juma'ar da ta wuce, miligiram 70, sau ɗaya a sati. Maganin yana da sarauta: da safe kafin komai ya shiga ciki, da cikakken kofin ruwa zalla, sannan rabin awa a zaune ko a tsaye, ba kwanciya, ba shayi, ba kalsiyam, don kada ya ƙone maƙogwaro. Na haɗa shi da karatun Kahfi, lokacin ya yi daidai.

Juma'a, 21 ga Maris

Shekaranjiya da dare shago ya kacame, yaran sun gaji, ga rigar wata yarinya saura wuya kawai. Na ce wuya ɗaya me zai yi. Na ɗauki babban almakashi.

Na yanka, ya fita tsaf. Jiya hannun ya wayi gari kamar an hura balan-balan. Na tambayi hagu, ta ce ita lafiyarta ƙalau. Ke nan ba lufus ba ce, ni ce. An sake hoto don a tabbatar, ƙashi yana nan inda yake. Hutun kwana uku, hannu a kan matashi. Mai gashin ƙashi ta ce, "Mama, in kawo kwaɗo in kulle almakashin ne?"

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Goma sha biyun duk sun fita, na ƙarshe ƙarfe ɗayan dare. Ni tsohon leshina na bara na sa. A gidan Inna na ci tuwo da hannun dama, loma ƙanana, miya tana bin gwiwar hannu. Ta kalle ni ta ce da mai ɗori ne da tuni an wuce wurin. Na ce, "Haka ne, Inna."

Litinin, 14 ga Afrilu

Sati goma sha huɗu. Hoton yau layin ya kusa ɓacewa, an sallame ni daga ɓangaren ƙashi sai bayan wata uku. Ɗagawa sama digiri 52. Tafin hannu yana juyowa, saura kaɗan ya yi daidai da hagu. Ƙarfin damƙa ne har yanzu da saura: ba na iya buɗe murfin kwalba, ba na murɗa wanki, bokiti kuwa an hana ni ko kallonsa. In hadari ya haɗu ko na kwana a ƙarƙashin fanka, wurin yana yi mini tsami.

Likitata ta ce tunda gwaje-gwaje biyu a jere sun yi kyau, za mu gwada rage firednisolon daga 7.5 zuwa 5, a hankali, cikin watanni, sauran magungunan suna nan yadda suke. In cutar ta ɗaga kai za mu koma. Na ce na ji, kuma wannan karon ba ni zan yanke hukunci a aljihun jaka ba. Ta sa na yi alkawarin ɗaukar kati a jaka mai nuna ina shan firednisolon, saboda ranar da za a kai ni wani wuri ba na iya magana. Za a sake deksa nan da shekara ɗaya ko biyu.

An ba ni izinin almakashi, minti goma, yadi mara kauri, in huta. Na sayi ƙarami mara nauyi. Jiya na yanka wa Auta riga daga ragowar atamfa, abin da da nake yi kafin shayi ya huce ya ci mini zama uku. Hannun rigar hagu ya fi na dama tsawo da rabin inci, ta ce ba za ta bari a gyara ba.

Mutum huɗu cikin waɗanda na mayar wa kaya sun kira suna tambayar babbar salla. Na ce su kawo, amma guda goma zan karɓa, kuma ba leshi mai dutse. Gashin ƙashi ranar Alhamis, ƙarfe tara.